Rasuwar Ɗan Aiken Rahmatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da tuwon geron da ya yi sanadi, ni Malam Nababa Sama'ilu, tsohon malamin firamare, mazaunin Gidan Buwai ta bayan Dawanau, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da waɗanda ba sa gaishe ni sai sun zo aron fartanya, rasuwar Ɗan Aike. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a cikin turmi.

Ga wanda bai san marigayin ba, wata 'yar na'ura ce da 'yata Zulaihatu ta haɗa lokacin tana makarantar koyon sana'a a Kano. Jikinsa robar sabulu ce. Fuskarsa gilashi ne da bai kai kwalin ashana ba, kuma launi biyu ya sani, baƙi da rashin baƙi, wanda ya isa mai gaskiya. Aikinsa ɗaya, ya tuna mini maganin hawan jini. Matata Rahmatu ce ta sa aka yi shi da ciwonta ya yi nisa. Ta ce ba za ta tafi ta bar ni a hannun hankalina ba.

Marigayin ya yi abin da na kasa a tsawon zamanmu: ya taƙaita maganar Rahmatu. Fuskarsa layi biyu take ɗauka, gajeru. Rahmatu ta zauna a tabarma tana shifta, ta faro daga taurin kaina, ta bi ta kan na mahaifina, ta dawo kan littattafan da na cika ɗaki da su gara na ci. Zulaihatu ta ce, "Inna, ba zai shiga ba, sai an rage." Aka yi ta ragewa har la'asar. Abin da ya tsira shi ne: MALAM, MAGANI. A ƙasa kuma: BAN YARDA BA. Layi na biyun yana fitowa ne idan na danna maɓallin da ke nufin na sha.

Sai hoton. Rahmatu ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ta ce ba ta ga abin ajiyewa a fuskar da take gani kullum a randa ba. Amma ta yarda Zulaihatu ta zana ta a wannan gilashi, ɗigo bayan ɗigo, tana cika gidajen littafin lissafi da fensir kafin ta shigar a kwamfuta. Uwar tana leƙe tana ba da umarni. "Rage hancin nan." "Haka kunnena yake? To rufe shi da kallabi." Abin da ya fito, jama'ar gari sun ce tulu ne aka ɗaura wa ɗankwali. Na ji su. Ina da sunayensu. Amma duk duniya ba ni da wani hoton nata sai wannan tulun.

Marigayin mai haƙuri ne. Shekarun nan da man fetur ya gagari mai caji, wutar lantarki kuma muka koma jin labarinta a rediyo, shi ɗan hasken rana yake lasa a bakin taga ya wuni. Bai taɓa neman kati ba. Bai taɓa kawo mini labarin farashin taki ba. Safe da yamma zai yi kukansa kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa, tsiyau, tsiyau, sai tulun ya bayyana. Nakan ce masa na sha. Yakan ce bai yarda ba. Sau da yawa shi ke da gaskiya.

Jinyarsa gajeriya ce. Na sunkuya ɗiban ruwa yana aljihun gaba, ya faɗa randa. Sabo mai gyaran rediyo ya duba shi ya ce, "Malam, binne shi za ka yi a shinkafa ta tsotse ruwan." Shinkafa. A gidana. Bana. Na tambaye shi ko zinariya ba za ta yi ba, don ita ma babu. Na binne shi a ƙwaryar gero, ban gaya wa kowa ba, saboda ba na son Barira, matar ƙanena da ke yi mini girki, ta samu abin faɗa a bakin rijiya.

Barira ta ɗauki ƙwaryar ta juye a turmi za ta yi surfe. Ta rantse cewa taɓarya tana sama ta ji tsiyau, tsiyau daga cikin geron. Wato maganin Sabo ya yi aiki, marigayin ya warke, lokacin maganina ya yi, ya tashi bakin aikinsa. Amma hannun Barira, kamar bakinta, idan ya tafi ba ya dawowa. Ta shigo da gutsattsarin a tafin hannu tana kuka tana cewa, "Yaya Malam, na kashe Yaya Rahmatu." Na ce mata wannan an riga ta. Geron kuma aka tankaɗe, aka tsince gilashin, aka tuƙa. A shekara irin wannan ba a zubar da gero don an yi kisa a cikinsa.

Ya rasu ya bar ni, da kwalbar magani rabi, da wayar caji wadda ba ta shiga komai a gidan nan. Ya bar Zulaihatu, wadda ta ce haɗa wani ba wuya, rubutun ma minti kaɗan ne. Hoton ne babu. Kwamfutar an sayar da ita bara aka sayi taki, littafin lissafin kuma gara ta bi da shi tare da nawa. Ta ce za ta sayo gilashi mai launi ta zana uwarta yadda take da kyau. Na ce ban sani ba ko tulun nan yana kama da Rahmatu, amma ita ta zaɓi hancin. Shi nake so.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar. Za a sa shi a ƙaramar kwallar Rahmatu a mayar saman sif, ba wanka, ya sha ruwa ya isa. Ba a buƙatar kuɗin ta'aziyya, na san babu. Zulaihatu za ta zo da sabon littafin lissafi da fensir, za a shimfiɗa tabarma a zaure. Ina gayyatar duk wanda ya taɓa yi wa hoton nan dariya, musamman su, don sun fi kowa ƙare masa kallo. Kowa ya zo da abin da ya tuna: ta ina kallabin ya karkata, ɗigo nawa ne idon, ko wushiryar ɗigo ɗaya ce. Barira za ta zauna a gaba, an yafe mata, ta ce hancin yana nan a idonta.

Wanda ya riga isowa ya tambaye ni ko na sha magani. Zan ce na sha. Kada ya yarda.