Rasuwar Keken Bato a Rumbun Malam Dunoma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Dunoma mai kanwa na bakin kasuwar Kazaure yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Roni da Gwiwa da Babura rasuwar baƙin keken nan ƙirar Ingila, wanda aka tarar rai ya yi halinsa a cikin rumbu ranar Talata da hantsi, bayan an gama yankan gero. Ba a san ranar da ya cika ba, domin babu kowa a kansa. Ya rasu yana da shekara goma sha biyar, tara daga ciki a tsare.

Marigayin ba na Malam Dunoma ba ne, a nan kuwa gizo ke saƙar. Ubangidansa shi ne Bartholomew, mutumin Kudu mai ɗaukar hoto, wanda sunansa ya gagari bakin mutanen gari suka rage shi ya koma Bato. Shagonsa yana jikin rumfar Malam Dunoma, inuwa ɗaya suke sha. A shekarar samun 'yancin kai Bato ya sayo keken daga Kano, ya shigo da shi gari ko takardar da aka naɗe shi da ita bai kware ba.

An shaidi marigayin da haƙuri. Shekara shida yana goye da akwatin hoto da baƙin ƙyallensa, ya hau duwatsun Roni, ya keta yashin Gwiwa, bai taɓa cewa ya gaji ba. Sau ɗaya tak ya kayar da ubangidansa, shi ma laifin akuya ne. Ba shi da yawan magana. Abin da ya iya faɗa bai wuce kiririn-kiririn sau biyu ba, amma da an ji shi a bakin ƙauye sai maza su nemi hularsu ta Sallah, mata su hau rambaɗa kwalli. Ran Lahadi ya kai Bato coci, ya jira shi a gindin darbejiya ba tare da ya yi wa kowa gardamar addini ba.

Sai shekarar hargitsi ta zo, lokacin da mutanen Kudu suka yi ta cika manyan motoci suna barin gari. Malam Dunoma da kansa ya raka Bato tasha. Mota ta cika har sama, direba ya ce mutum ma da ƙyar, balle keke. Bato ya kama hannun abokinsa ya ɗora a kan sirdi, ya ce, "Malam, ga amana. Kada ka bari a sace shi. Kafin wata damina na dawo." An yi damina tara tun daga ranar, ko wasiƙa ba a gani ba.

Ciwon ajalin marigayin ya faro ne daga kulawa. Da fari an ɗaure shi a turke da sarƙa da kwaɗo, sai ga famfonsa ya yi ƙafa ranar wata Juma'a, maigida yana masallaci. Aka mayar da shi ɗakin maigida, aka lulluɓe shi da gwado. Malam Dunoma ya riƙa bin jakunansa a ƙasa har Gwiwa, ƙafa duk faso, keke yana gida yana hutawa. Matarsa Ya Kaka ta gaji da gani ta ce, "Malam, ƙarfe fa zama ke kashe shi. Ka hau shi ko nan da masallaci ne." Ya ce, "Ya Kaka, ajiya aka ba ni, ba aro ba."

A shekarar fari yunwa ta ƙara wa hannuwa tsawo. Wata rana ya dawo daga kasuwa ya ga sawun zarto a jikin sarƙar, an ci rabinta. Hankalinsa ya tashi. Ya dubi rumbunsa na ƙasa, wanda fari ya bari wayam, ya ga babu ɓarawon da zai fasa rumbu a shekarar da kowa ya san babu ko zangarniya a ciki. Shi kaɗai ya ɗage jinka, ya zura keken da igiya. Don kada gara ta ci fatar sirdin, ya barbaɗa toka, ya ƙara da ɓarɓashin gishirin manda ƙwarya biyu, yadda ya ga iyayensa suna yi wa fata a Barno. Sannan ya kwaɓa laka ya yaɓe bakin, ya mayar da jinka, ya wanke hannu yana hamdala.

Ruwa ya dawo a shekarar da ta biyo, kamar da bakin ƙwarya. Yaɓe ya tsage ba wanda ya lura, laima ta shiga, gishiri ya sha ya koma kan ƙarfe. Abin takaicin ma, a lokacin kuɗin mai sun shigo, ma'aikata sun koma babur, ɓarayi sun bi su, ba mai ko kallon keke.

A cikin waɗannan watanni ne Malam Dunoma ya fara jin ƙararrawar. Da hantsi take zuwa, rana tsaka ma wani lokaci, yana cikin awon kanwa sai ya ji kiririn-kiririn daga wajen gida, ya tsaya da mudu a hannu har mai saye ya yi masa magana. Ya ɗauka gaisuwa ce, alamar ajiya tana nan lafiya. Yanzu ya gane kira ne, shi kuwa bai amsa ba, wannan ne kuma ke cin ransa.

Bana gero ya yi kyau har aka rasa wurin zubawa, Ya Kaka ta matsa aka fasa rumbun. Da Malam Dunoma ya ja igiyar, rabin keken ne ya biyo ta. Wayoyin taya sun zube kamar ƙonanniyar tsintsiya, sarƙar feda ta zama dunƙule ɗaya. Sirdin kaɗai ke nan garau, gara ba ta taɓa shi ba. Aka kira Haladu mai gyaran keke, ya duƙa ya daɗe yana dubawa, ya miƙe ya ce, "Baba, sai haƙuri. Wannan ko waɗanda suka ƙera shi sai dai su yi masa addu'a." Ya kuma tabbatar tsatsa ta kama harshen ƙararrawar tun bara, ba ta da halin yin ƙara. Malam Dunoma bai musa ba, amma ko jiya ya ji ta.

Marigayin ya bar kwaɗo ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da makulli a wuyan Malam Dunoma, da famfo wanda ba a san hannun da yake ba, da hotuna masu yawa a bangayen ɗakuna daga Roni har Kanya Babba. Ya kuma bar dattijo guda wanda ya shekara tara yana zuwa tasha yana leƙa fuskar duk wanda ya sauko daga motar Kano. Har yanzu yana zuwa, sai dai daga nesa yake tsayawa. Yana tsoron Bato ya sauko, yana kuma tsoron kada ya sauko har abada.

Game da jana'iza, an haƙa rami a bayan gida, an naɗe gawar a tabarmar kaba. Sai dai Malam Dunoma ya ce ba shi da ikon binne abin da ba nasa ba, sai mai shi ya zo ya gani da idonsa, ya faɗi yadda ake yi a wajensu. Saboda haka za a taru ranar Litinin a ƙofar gidansa, a zauna daga hantsi har motar Kano ta ƙarshe ta sauke fasinja. In bai zo ba, a ɗaga zuwa Litinin ta gaba, kamar yadda aka ɗaga sau huɗu. Ba a bukatar goro ko sadaka. Roƙon Malam Dunoma ɗaya ne ga direbobi da fatake masu zuwa Kudu: duk wanda Allah ya haɗa shi da wani Bartholomew mai ɗaukar hoto, ko ɗansa, ko wanda ya san inda aka binne shi, kada ya tsawaita bayani. Ya ce masa kawai ba a sace ba.