Ƙarin Ɗaki ga Muryar Malam

"…da gajiya, amarya? Har yanzu kina nan, ba ki ba mu wuri ba?"

"Ina nan daram, angon banza. Sai na ga ƙarshen rowarka."

Gaisuwar Abdullatif da kakarsa Hajiya Ramlatu ke nan. Tun da ɓarayin daji suka tashe su daga ƙauyensu na wajen Wurma, tsohuwa take raɓe a ɗaki guda a gidan ɗanta a Dutsin-Ma. Abin da ta tsira da shi buhun kaset ne na karatun mijinta, marigayi Malam Hudu. Jikan ya riƙa juye su a wata kwamfutar haya ta intanet da suke kira saba, daga can karatun yake zubowa a wayarta ba tsayawa. To, ga saba ta cika maƙil, ga kaset bai ƙare ba. Wancan karon da ya kashe ta don gyara, wuni tsohuwa ta yi ba ta sa komai a baki ba, kuma har yau abin yana yi masa ciwo.

"An ce ɗakin da ka kama wa Malam ya cika," in ji ta. "Kishi ya sa ka kama mishi akurki."

"Akurki? Mutumin da in ya ce 'a taƙaice' sai an kira la'asar? Ko filin Idi aka ba shi sai ya cika shi. Kashe shi zan yi kowa ya huta."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Allah ya ɗauke shi sau ɗaya, na haƙura. Kai wane ne da za ka ɗauke mini shi sau biyu?"

Wannan kam ba ta shiga wasa ba. Abdullatif ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma.

"Kwantar da hankalinki. Shina cikin magana za a ƙara mishi fili."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wa ya taɓa ture bango mai ɗaki na zaune?"

"Mijinki na biyu. Na farkon ko rediyo sai an kunna mishi."

Ya fara ajiye kwafin karatun duka, don gudun tsautsayi, sannan ya nemi ƙarin ma'aji aka ba shi. Ya duba, ma'aji yana nan cike yadda yake.

"Ga zufa. Mi ya faru, gwani?"

"An ba ni filin, katangar ce ban matsar ba tukuna."

"To iya ruwa fidda kai. Ban da cika baki."

Ya rubuta umarnin ƙarshe, ya danna. A wayar, Malam yana tsakiyar bayanin alwala, sai murya ta ɗauke ɗif. Tsohuwa ta cafki hannun jikanta da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Shi kansa ya ƙura wa kwamfutar ido.

Can sai Malam ya yi tarin nan nasa, ya ce a miƙo masa ruwa, ya ci gaba. Ashe a kaset ɗin shirun yake.

"Kin gani? Ko a can ma sai ya ja mana rai."

Ta sake shi. "Yanzu zai ɗauki sauran buhun?"

"Har da wanda bai faɗa ba."

Ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Ka ci, ja'iri. Mamaci ya samu fili, mai rai tana raɓe."

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani tsohon makulli, ta jefa masa a cinya.

"Ungo tukuici. Na gidanmu ne na ƙauye. Ka nema mishi wuri a can kusa da Malam, nan ƙasa ba ya buɗe komai."