Dokar Tuɓe Kwanso

Ranar wata Laraba aka haramta kwanso a masarautar Dausayi.

Zalɓe, Ministan Walwalar Marasa Ƙashi, shi ya kai wa Sarki Zaki ƙara: duk ranar da ya sauka bakin rafi don ganawa da talakawa, sai kowa ya shige kwansonsa ya rufe.

"Ranka ya daɗe," in ji Zalɓe a gaban majalisa, "yaya za mu san damuwar wanda ba ma ganin cikinsa? Gwamnati ta buɗe ƙofarta, su ma su buɗe."

Kura, Ministar Tsaro, ta ce, "Me za su yi da kwanso muna nan? Mu ne kwansonsu."

Aka nemi jin ta bakin talakawa, aka kira wakiliyarsu, Hajiya Ƙaguwa.

"Ni ai duk shekara nake tuɓe nawa, sabo ya fito," in ji ta. "Abin bai kai a yi taro ba."

Ta ɗauka kowa haka yake. Aka ba da wa'adin kwana bakwai.

Malam Jatau, wani tsohon dodon koɗi, ya ji shela, ya ce wa matarsa Tasalla zai je fada. Magana ɗaya ce ba a gaya wa 'yan majalisa ba.

"Da wace ƙafar, Malam? Kai da ka yi kwana biyu a hanyar gaisuwar surukai, gidanmu kuwa bayan ganyen can ne."

"Ai na isa."

"Ka isa an wanke kwanuka."

"Ki shige ki rufe. Ko wa ya ƙwanƙwasa, kada ki leƙo."

Tafiyar taku arba'in ce a wurin Zaki. Jatau ya yi kwana goma sha ɗaya.

A rana ta bakwai Ƙaguwa ta tuɓe nata a gaban majalisa don ta nuna misali, ta tsaya luɓus ana tafi. Zalɓe ya ja ta gefe don ya taya ta murna. Sanarwar fada ta ce ta tafi ƙaro ilimi.

Da Jatau ya iso, majalisa ta tafi hutu. An ƙawata bangon zauren da kwansuna a jere, an rubuta a sama: Gudummawar Talakawa Masu Biyayya. Ya bi su ɗaya ɗaya, don shi ba ya iya sauri ko a nan. Na uku daga ƙofa yana da ɗan tsagi a gefe, inda Tasalla ta faɗo daga kan dutse shekarar aurensu.

Zalɓe ya fito, wuyansa ya yi kauri.

"Baba, da ƙorafi ne? Fito sosai mu ji. Ƙofarmu a buɗe take."

Jatau ya dubi tsinin bakin, ya janye kansa ciki. A can cikin ya bar maganar da ya ɗauko tun daga gida: na Ƙaguwa riga ce, namu a manne yake da nama, in an cire shi har da mu ake cirewa.