Farfesa Halo Yana Jiran Kiran Hajiya

Duk wanda bai ji Farfesa Halo yana amsa waya ba, kunnensa bai more duniya ba. Bawan Allah mai karɓar baƙi ne a wani kamfanin ɗinka labule. Kwas na yini guda ya je kan ladubban waya, ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin teburinsa. Tun daga ranar bai sake ɗaga waya a zaune ba. Sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya leƙa ɗan madubin da ya jingina da gwangwanin biro, ya washe haƙora.

"Jama'a," yakan ce wa teloli, waɗanda ba su tambaye shi ba, "murmushi ana jin sa ta waya. Ku masu cewa 'waye?' kamar an taka muku ƙafa, ku ne kuke kashe kamfanoni."

Surukarsa ma da ta kira don su gaisa, sai da ta faɗi cikakken sunanta da dalilin kira.

Ana nan sai manaja zai yi tafiya. Ya ce ranar Litinin wata hajiya mai sabon otal za ta kira, labulen ɗakuna duka take so. In ta ji daɗin tarba, aiki ya zama nasu, Farfesa kuma ya samu ofis mai ƙofa. In ta kuɓuce, ya kuka da kansa.

Litinin da sassafe Farfesa ya tura akantar kamfanin cikin sito, ya ce ta riƙa kiran layin ofis da wayarta, ta zama Hajiya.

"Yaya, ina da aiki fa," in ji ta.

"Sake kira, ƙanwata. 'Barka da safiya' ɗin nan bai zauna ba tukuna."

Suka gwada hajiya mai faɗa. Suka gwada mai sauri, da wadda ba ta ji sosai, da wadda jikanta ke kuka a baya. Teloli suka tsayar da kekuna suna kallon ikon Allah. Kafin la'asar Farfesa ya lallashe hajiyoyin nan kaf, yana ta share gumin nasara.

Yana ajiye kan waya ta sake ƙara. Ya miƙe, ya washe, ya zuba gaisuwa mai zaƙi. Manaja ne.

"Tun safe matar nan take kira ana ce mata ana amfani da layi! Ta gaji ta kai wa maƙwabtanmu aikin. Da wa kake hira?"

"Ranka ya daɗe, atisayen tarbarta muke..."

"Kwashe kayanka ka bar min kamfani."

Idon Farfesa ya kawo ruwa. Amma horo ba ƙarya ba ne.

"Mun gode da kiranka, ranka ya daɗe," ya ce. "Akwai wani abin kuma da zan taimaka maka da shi?"

Shi ne kaɗai kiran gaske da ya amsa ranar. Kuma a yi masa adalci, bai yi kuskure ko ɗaya ba.