Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Kusurwar Falo

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da 'yan tambayoyi, iyalan gida mai koren ƙofa suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, musamman masu zuwa a buga musu takarda, rasuwar kwamfutarsu da aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburinta, tana da shekara goma sha ɗaya, bayan jinyar mako uku. Auta, ƙaramar 'yar gidan, ita aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, kuma tana roƙon a yafe mata kuskure, don da biro ta rubuta.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma ta koya wa kowa haƙuri. In ka kunna ta sai ta ce "ɗiiit", ka je ka wanke fuska ka dawo, ka same ta tana "ƙirr, ƙirr" kamar mai gyaran murya. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba. A wurinta Auta ta karanta littattafan da ba a samu a ɗakin karatun makaranta, tana zaune a kan ƙafarta har ta sage.

Ta rasu ta bar linzamin kwamfuta ɗaya mai gardama, da maɓallai waɗanda harafi biyu suka goge, da na'urar buga takarda da ta daɗe tana yajin aiki, da mayafin da Mama ta ɗinka mata saboda ƙura.

Ciwon ya fara ne a hankali. Auta ta nemi ma'anar wata kalma, sai Tsohuwa ta kai ta shafin masu sayar da agogo. Mama ta nemi sabon salon wuyan riga, aka nuna mata maganin rage tumbi, ta wuni tana fushi. Baba ya nemi labarai, aka taya shi murnar cin kyautar waya. Shafin farko da aka saba gani ya ɓace, wani baƙo ya zauna a wurinsa. Yaya ya kore shi, da safe baƙon ya dawo har da 'yan uwansa, suka jera a saman allo. Daga nan tallace-tallace suka yi ta buɗewa, wani kan wani, har fankarta ta yi dogon "fuuuu", ta yi shiru.

Mai gyara ya zo ya duba. Ya ce tsufa ne ya ƙarasa ta, amma cutar ba ta shigowa da ƙafarta. "Wani ne a gidan nan ya sauke abin kyauta, ya yi ta danna 'na yarda' bai karanta ba. In na buɗe cikinta zan ga ranar, da lokacin, da abin da aka sauke." Baba ya ce a buɗe. Ya ƙara da cewa duk wanda aka kama, sabuwar da za a saya ko da ɗan yatsa ba zai taɓa ta ba.

Tun ranar ba mai haɗa ido da wani a wurin cin abinci. Auta ba ta zargin kowa. Ta dai lura cewa Yaya yana kallon ƙwallo a shafukan da sai ka rufe taga bakwai kafin ka ga fili. Ta lura Mama ba ta taɓa ce wa akwatin tambaya "a'a" ba, wai rashin kunya ne a gwale wanda ya tambaye ka da ladabi. Ta kuma lura Baba ya san launin wayar nan da aka ce ya ci.

Gaskiya dai ta wajaba a sanarwar mutuwa. Akwai wani littafi na kyauta a intanet, mai shafi ɗari huɗu. A ƙarƙashinsa akwai maɓalli biyu, duk kore, duk sun ce "sauke". Auta ta danna babban. Ita da ke karanta har takardar cikin kwalin magani, ran nan ba ta karanta komai ba. Littafin bai zo ba. Kwana biyu bayan haka agogo suka fara zuwa.

Jiya, bayan an tashi daga makaranta, ta biya ta shagon mai gyara. Sau uku tana wuce ƙofar kafin ta shiga.

"Kawu, don Allah, ai bai kamata a yi ta tonon cikin mamaci ba. A bar ta ta huta."

Ya ajiye abin kwance ƙusa, ya dube ta ta saman tabarau. "Ke ce ta huɗu."

"Ta huɗu a me?"

"Yayanki ya zo, ya ce zai wanke mini babur. Mamanki ta ce za ta rage mini tsawon wando kyauta. Babanki kuwa tun ban buɗe shago ba na same shi a tsaye, yana kallon hanya. Ke me kika kawo mini?"

"Ba komai, Kawu."

"To, je ki. Ke kaɗai ma kika zo da kunya."

Saboda haka ana sanar da cewa za a ɗauki marigayiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zuwa shagon mai gyara, inda za a goge duk abin da ta sani, a raba sassanta ga mabuƙata. Iyalai, baki ɗaya kuma ba tare da sun tattauna ba, sun yafe binciken gawa. Baba da kansa zai riƙe kai, Yaya ya riƙe ƙafa, Mama ta bi da wayoyi. Za a karɓi gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su yi addu'a su tashi, kada wanda ya tambayi garin yaya.