Taubashina Ya Gaishe Ni da Ladabi

Yau da hantsi, ranar kasuwar Filinge, ina shagona na ɗinki ina fama da wuyan wata riga, sai ga Ɗanjimma ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi, har da ɗan rusunawa.

"Malam Kailu, an kwana lahiya? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Saura kaɗan allura ta shige mini yatsa. Masu karatu, Ɗanjimma taubashina ne, ɗan gwaggona, manomin dankalin turawa a Bonkuku. Shekara arba'in da 'yan kai bai taɓa kirana da sunana ba. "Bawana" yake ce mini, ni ma da shi nake rama masa. In ya zo gidana tukunyar Indo matata yake fara buɗewa, kuma ba ya fita hannu wofi. Haka muka taras a ƙasar Kurfai, taubashi ya ɗauki abinka ba sata ba ce, ba ka da alƙalin da za ka kai shi. Amma ranar da ya gaishe ka kamar baƙo, to zumunci ya kama hanyar mutuwa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Wanda ya ja mini wannan kuwa shi ne Mai Girma Sarkin Yankan Kirtani, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi.

Ga yadda aka yi. Da furfurata da komai, ina da ciwo guda, wato wasan ƙwallo na tele, irin wanda ake zura faifai a na'ura a buga da hannu. Kowace shekara ƙanena Haruna yakan aiko mini da sabon faifai daga Yamai, kowace shekara kuma Ɗanjimma yakan zo ya zare shi ya bar mini kwali. Can Bonkuku yana da tsohuwar na'ura da yake kunnawa da wutar sola, shi da abokan nomansa. Na'urar ma tawa ce, ya ɗauke ta ranar sunan 'yata.

Bana sai Haruna ya bugo waya. "Yaya, sabuwar na'ura ta hito, iri biyu. Akwai mai bakin faifai, akwai marar baki, wadda aka sauke wasa cikinta ta rezo. Wace kaka so?"

Na ce ya ba ni kwana biyu. A cikin kwana biyun ne Mai Girma ya iso garinmu da motoci goma sha ɗaya don buɗe wani rami. Rami ne na gaske, an ce ta cikinsa wayar rezo, wato intanet, za ta bi. Muka tsaya a rana tun hantsi har azahar. Ya yi jawabi da Faransanci, tafinta na juya mana: zamanin riƙe abu a hannu ya wuce, komai ya koma iska, kafin a yanke gero rezo zai shiga kowane rumbu. Daga takarda ya karanto wannan, shafi shida, wani na riƙe masa lema. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi, don ni mutum ne mai ladabi ga manya.

Amma in faɗa muku gaskiya, ba son ci gaba ne ya kama ni ba. Ɗanjimma na tuna. Da yamma a fadar shayi na bugi ƙirji a gaban maƙwabcina Malam Baushe.

"Marar baki zan saya. In ga ta inda bawan ga zai sa iska aljihu."

Baushe ya kurɓi shayinsa a hankali. "Kailu, abin da ba a iya ara, ba a iya kyauta da shi, ba a iya ɗauke ma shi, naka na kuwa?"

Na ce masa ya tsufa, bai san zamani ba.

Na'ura ta iso, fara sol, sumul, ko tsagar da za a zura tsinke babu. Na haɗa ta, na danna a sauke wasa. Ta yi ɗan tunani, ta rubuta mini cewa saura awa ɗari biyu da sittin. Na ce ba komai, mu da muka saba jiran ruwan sama. Tana kai kashi tara cikin ɗari masu wuta suka ɗauke abinsu. Ba na zarginsu, bayin Allah, suna tsoron kada haske ya lalata mana ido. Na aro janareta, na shiga layin mai da jarka. Ina isowa gaba aka ce ya ƙare, alhali ta ƙofar baya ina kallo ana cika gangunan gidan wani Ranka Ya Daɗe. Shi ma ban zarge shi ba, mai motoci da yawa ai ya fi mai ƙafa biyu bukata.

Ramin Mai Girma kuwa yana nan, kuma kada a ce bai yi amfani ba. Damina ta cika shi, kwaɗi sun samu unguwa, akuyar Baushe ta faɗa ciki sau biyu. Da na je biro, wato ofishinsu, tambayar ina waya ta kwana, na taras da Wakilin Dawo Gobe yana cin gyaɗa. Ya ce yanzu ba a karɓar kuka da baki, ta rezo ake turawa. In na tura kuma in buga shi a takarda, kofi uku, in kawo a sa hatimi.

Mako uku ke nan, wasa yana kashi talatin da takwas. Ban taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Indo ta rufe na'urar da ƙyalle ta ɗora mata kwanon goro.

To mu koma kan Ɗanjimma da ke tsaye a ƙofar shagona. Na yi ƙarfin hali na ce, "Kai bawa, mi as same ka? Shigo mana. Tuwo na nan gida, tai ka sata."

"Na gode, Malam Kailu, na ƙoshi." Ya dubi ƙasa. "Na ji labari wurin Baushe. An ce ka sawo abin da ba a ɗauka, don ni. Da ka ce mani in bari, da na bari. Ba sai ka aika har Yamai a liƙe ma na'ura baki ba."

"Wasa nika yi."

"A'a. Wasa shi na mu biyu. Wanga kai ɗai kay yi shi." Ya sa takalminsa. "A gaida mutan gida."

Ya tafi bai ɗauki ko maɓalli ba. Almakashina sabo yana kan tebur, hulata tana rataye a ƙusa, ya wuce su duka. Na zauna na kasa taka keken ɗinki. Gwaggo ta rasu, babana ya rasu, a duniyar nan Ɗanjimma kaɗai ya rage wanda zai zage ni in ji daɗi.

Na je gida na faɗa wa Indo. Ba ta ko ɗago kai daga tankaɗe ba.

"Kai da wayonka. Shekara nawa yana ɗaukar faifan ga, ka taɓa kwana da yunwa? Motar Bonkuku da la'asar taka tashi."

Na sauke kwanon goro, na naɗe na'urar a tsohon zane, na nufi tasha. Na same shi zaune kan buhunan da ya sayar da dankalinsu, yana kallon wani wuri. Ba a miƙa wa taubashi abu a hannu, in ka miƙa ya zama sadaka, ka ƙara ɓata lamari. Sai na ajiye ƙunshin kusa da ƙafarsa, na juya baya, na kama taya wani rago da ba ni da niyyar saya. Na duba haƙoransa, na duba kofato, na tambayi sunan uwarsa. Mai rago ya fara gajiya da ni. Direba ya tayar da mota, ni kuwa na kasa waiwayawa.

Can sai na ji murya daga saman kaya.

"Kai bawan banza, wa ab ba ka izinin sayen abin da ba shi da baki? Ko faifaina guda ba ya shiga cikinta. Kaji za su kwana bisanta."

Na waiwaya. Ƙunshin yana hammatarsa, ya riƙe shi gam. Ya zage ni, ya zagi ɗinkina, ya ce wandon da na yi masa bara ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ban san lokacin da ƙwalla ta cika mini ido ba. Mota na fara tafiya na bi ta da gudu, na yi tsalle na zare takalminsa na dama, don al'adar hanya biyu gare ta: wanda ya ɗauki naka, kai ma ɗakinsa a buɗe yake gare ka. Ya isa Bonkuku da ƙafa ɗaya a ƙasa.

Yanzu ba ni da faifai, ba ni da na'ura, ina da takalmi wari guda, kuma hankalina kwance. Wanda zai saya a cikinku, ya sayi mai baki.

Su kuma Masu Girma, na daɗe ina zaton ko taubasanmu ne, ganin yadda suke shigowa ba sallama su ɗauka su fita suna murmushi. Idan haka ne ba mu da ƙorafi. A dai sanar da mu ranar da za a ɗaure karnuka a buɗe get, mu ma mu zo mu gaisa.