Ranar da Na Goge Ƙarfen Motar Surukina da Yashi

Ku gyara zama, ku kasa kunne, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Wannan ba tatsuniya ba ce, abin da na aikata ne da hannuwan nan nawa biyu.

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Juma'a ce, a shekarun da farar hula suka dawo mulki, wayar hannu ta fara shigowa ƙauyuka. Lokacin yanar ido ta rufe mini gani, mutum sai dai in gane shi da murya. Aka ce wasu likitoci sun zo birni suna aikin ido kyauta. Aka rubuta sunana, aka ce Asabar da sassafe, wanda ya makara sai wata shekara, in da rai. Motar haya kuwa kun san halinta, ba ta tashi sai ta cika. Shi ya sa mijin 'yata Auta ya je garinmu Kibiya ranar Alhamis ya ɗauko ni a 'yar motarsa, ya kawo ni gidansu a Rano, don mu yi sammako.

Mijin Auta (ba zan kama sunansa ba, suruki ne) malamin firamare ne. Shekara tara yana auren 'yata, ban taɓa kallon fuskarsa ba, shi ma bai taɓa kallon tawa ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya ce, "Iya, an tashi lafiya?" ni kuma in amsa wa bango. Abu biyu na san yana so a duniya bayan iyalinsa: motar nan, da wata rediyo da ya gada wurin mahaifinsa, wadda kullum da la'asar take manne a kunnensa.

Da safiyar Juma'a na ji yana gaya wa Auta wai robar shaf ta yage. Wata roba ce mai ninki-ninki a bayan taya, ita ke rufe gaɓar ƙarfen da ke juya ƙafar mota. Ya ce ba zai ɗauki Iya a hanyar birni da yagaggiyar roba ba. Ya sayo sabuwa, ya ɗaga motar da jak a tsakar gida, ya cire taya, ya yi ta ƙwanƙwasa har ya zare gaɓar. Ya warware ta ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan tire. Sai aka kira salla. Ya yi wanka ya tafi masallaci, Auta kuma ta shiga maƙwabta barka.

Suka bar ni da tire.

To, sai na faɗa muku wani abu game da ni, ba yabon kai ba. A Kibiya ba a biki a watse ba a kawo mini tukwane ba. Tukunyar da ta shekara a murhu, in na zauna mata da toka da yashi, amarya sai ta ɗaura ɗankwali a jikinta. Da wannan aka san ni. Na lallaɓa na shafa tiren nan, na ji wani baƙin maiƙo mai wari ya kama mini yatsu. Tiren kuma na kayan ɗakin Auta ne, ni na saya da kaina. Na ce a raina, bawan Allah yana wahala saboda idona, ni ina zaune kamar buhun gero? Baki ba ya iya yi masa godiya, bari hannu ya yi.

Na ɗebo toka a murhu. Na ɗebo yashi a gindin katanga, mai kaifin nan. Na zauna na ce bismillahi. Akwai wasu ƙwallayen ƙarfe kamar 'ya'yan goruba ƙanana, akwai wani zobe mai tagogi, akwai wani kamar ƙoƙo. Duk na bi su lungu-lungu. Sabuwar robar ma ban ƙyale ta ba, na cusa mata yashi cikin kowane ninki na murje. Da na gama na shafa musu man gyaɗa don su yi ƙyalli (Allah ya yafe mini), na shanya a rana, na watsa ruwan wankin a gindin katanga. Na koma tabarma na ɗauki carbi, ina jira a yaba.

Aka sauko daga masallaci. Mijin Auta bai dawo shi kaɗai ba, ya taho da Ɗanjuma, taubashina, tsohon direban babbar mota, wanda ya zo yi mini fatan alheri. Ɗanjuma kuwa tun muna yara bakinsa ba shi da linzami.

Na ji takunsu ya tsaya a wurin tire. Na gyara zama.

Sai Ɗanjuma ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?"

Na ce wa bango, "Ɗan taimako ne, ba yawa."

Wayyo! Dariyar da mutumin nan ya yi, har awakin maƙwabta sai da suka amsa. Ya ce, "Ke baiwata! Kin san don me aka yi robar nan? Don kada ƙwayar yashi ɗaya ta shiga. Ɗaya tak! Ke kin auna mata mudu guda, kin bi da man gyaɗa. Saura albasa da yaji, mu ci!"

Matan da ke barka suka jiyo, suka shigo tare da Auta. Ɗanjuma ya maimaita musu tun daga farko, har da ƙari. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska. Makauniya ce ni a ranar, amma wallahi na ga kowane haƙori da ke tsakar gidan nan.

Sai na ji muryar mijin Auta, a hankali kamar yana karanta wasiƙa. Ya ce, "Baba Ɗanjuma, ai tsohon giris ɗin dole ne a wanke shi. Iya ta rage mini aiki. Allah ya saka da alheri, Iya."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Can na ji yana ƙirga ƙwallayen, ƙasa-ƙasa. Ya kai biyar ya tsaya. Ya sake, ya kai biyar. Ashe shida ne. Ɗanjuma ya daina dariya, ya ce ba a sayar da ƙwaya ɗaya, sai dai gaɓar sukutum, ita ma sai birni, kuma yau Juma'a. In babu ta shidan mota ba ta motsi, in mota ba ta motsa ba idona sai baɗi. Ni na watsar da ita tare da ruwan wanki, cikin tarin yashi da taɓo.

Auta ta fara, "Haba Iya, wa ya aike ki..." Mijinta ya ce, "A'a."

Suka tona da hannu, babu. Suka tankaɗe da rariya, babu. Sai na ji mijin Auta ya shiga ɗaki ya fito, na ji ana kwance wani abu, sannan ƙaras, abu ya ɓalle. Auta ta ce, "Malam, rediyon Baba ce fa!" Ya ce, "Labarai ba sa ƙarewa." Ashe akwai maganaɗisu a cikin lasifikarta, ƙarfen nan mai jan ƙarfe. Ya ɗaura shi a igiya, ya yi ta ja cikin taɓon nan, taku bayan taku, da rigarsa ta Juma'a. Ana kiran la'asar na ji ƙwas, ƙwayar ta manne! Ɗanjuma ya yi kabbara.

Daga nan mijin Auta ya zauna da fetur da tsohon buroshin haƙori. Sau uku ya wanke kowane ƙarfe, yana shafawa a bayan hannunsa ko zai ji ƙwayar yashi. Robar ya juya cikinta waje ya bi ninki-ninki. Ya mayar da ƙwallaye shida gidajensu, ya cika da sabon giris, ya zura robar, ya ɗaure bakinta biyu tamau, ya mayar da taya. Ban ji ya yi tsaki ba ko sau ɗaya. Kafin magariba motar ta tashi, ya zaga filin makaranta da ita ya dawo, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Iya, gobe bayan asuba, in sha Allahu."

Washegari a asibiti ni ce ta huɗu a layi. Ranar da aka cire mini auduga, duniya ta dawo fes, mijin Auta yana tsaye a gefe riƙe da ledar magani. Fuskarsa ban kalla ba, ba a yi haka ba. Hannunsa na kalla. Har lokacin akwai baƙin giris a ƙarƙashin faratansa, da yanka a babban yatsa. Abin da sabon idona ya fara gani ke nan.

Ɗanjuma ya raɗa mini suna Injiniya, sunan ya bi ni har Kibiya, kuma bai daina ba sai da ya koma ga Allah shekara uku da suka wuce. Yanzu sai in ji ina marmarin a kira ni da shi. Auta in ta ga na nufi wani abu da toka, sai ta ce, "Iya, tukunya ce ko mota?" Motar ta yi shekara shida ba a sake taɓa ƙafar nan ba, sannan aka sayar wa wani mai albasa a Lausu. Rediyo ba ta sake magana ba. Na sayar da tunkiyata na sayi sabuwa, na ba Auta ta ba shi, shi kuma ya ba Auta godiya ta kawo mini. Yanzu shi ne hedimasta, kuma har yau ni da shi ba wanda ya taɓa tada zancen.

Ni kuwa tun daga ranar, abin da ban san sunansa ba, ba na wanke shi. Ashe wani baƙin ba datti ba ne, aikinsa yake yi.